Zafi a watan Oktoba a Birtaniya, ga kuma ruwa da sanyi na tafe: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk shekara, bayan ɗalibai da sabbin zuwa sun sauka a watan Satumba, sai a samu wasu 'yan kwanaki cikin kaka da rana take buɗewa tar, gari ya yi ɗumi har mutum ya fita da riga ɗaya, a lokaci guda kuma Met Office, hukumar hasashen yanayi ta nan ƙasar, tana ta gargaɗin cewa ruwa mai ƙarfi da sanyi suna hanya. Tambayoyin da 'yan uwa suke yi a ƙofar masallaci da wajen suna da kuma ta waya kusan iri ɗaya ne, to ga su nan na tattaro tare da amsoshinsu.

Malam, an ce mana ƙasar sanyi ce, mun zo ga shi Oktoba muna gumi. Dama haka ake yi?

Ba haka aka saba ba, amma ana yi. A Landan in Oktoba ta zo yadda ta saba, da rana tsaka zafin bai cika wuce digiri 15 ko 16 ba. To a ranar 8 ga Oktoba 2023 sai da aka auna 25.8 a lambun Kew da ke yammacin Landan, wato an ɗara abin da aka saba da wajen digiri goma, mutane suka cika wuraren shaƙatawa da gajeren wando. Mafi zafin da aka taɓa aunawa a Oktoba a ƙasar nan shi ne 29.9 a Gravesend ta yankin Kent, ranar 1 ga Oktoba 2011. Na san wanda ya fito daga Sakkwato ko Maraɗi dariya zai yi, 25 ai a wajensa sanyin safiya ne, amma fa gidajen nan an gina su ne don su riƙe zafi, taga gilashi biyu, ga kafet, ba fanka ba AC, ga iskar kuma da laima, shi ya sa za ka ji kana zufa a ɗaki da daddare kana mamakin kanka.

To daga ina zafin yake zuwa tunda rana ta riga ta yi ƙasa?

Yawancinsa ba na ranar nan ba ne, ɗauko shi iska take yi daga kudu. Abin da ke faruwa shi ne can cikin tekun Atlantika, yamma da Ailan, ana samun wurin da nauyin iska ya ragu, iska kuma sai ta riƙa kewaya wurin tana juyi saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya. Mu da muke gabas da wannan juyin, iskar da take isowa wajenmu ta kudu take biyowa, ta Maroko da Fotugal da Sifaniya da Faransa, inda har lokacin ƙasa ba ta huce ba. In kuma aka yi dace akwai iska mai nauyi zaune a kan tsakiyar Turai, ita tata juyawar irin ta agogo ce, sai su biyun su haɗu su yi ta turo ɗumi arewa.

Wurin da nake so a gane shi ne nan: juyin da ya kawo maka ɗumin ta gabansa, shi ne dai yake jawo iskar sanyi ta wajen Greenland da Iceland ta bayansa. Abu ɗaya ne yake tafiya daga yamma zuwa gabas, gabansa ya iso ka, bayansa yana hanya. Don haka in ka ga an yi ɗumin da ya wuce ƙa'ida a kaka kuma iska tana kaɗawa daga kudu tana ƙara ƙarfi, to sau da yawa alama ce ta cewa canji ya kusa, ba wai sanyin bana ya fasa zuwa ba kamar yadda wani ɗan uwa ya taɓa yi mana albishir.

Wannan shuɗin layi mai haƙora da ake nunawa a taswirar yanayi fa, menene shi?

Shi ne goshin sanyi, wato iyakar da iska mai sanyi take turo mai ɗumi. Haƙoran suna nuna inda ya dosa. Jan layi mai rabin da'ira kuma goshin ɗumi ne, shi yakan riga wucewa, kwanakin nan masu daɗi a tsakanin layukan biyu muke zaune. Iska mai sanyi ta fi nauyi, in ta iso ba ta hawa sama, cusa kai take yi ta ƙasa kamar yadda ake cusa shebur a ƙarƙashin yashi, ta ɗaga mai ɗumin sama da ƙarfi, ita kuma da ta hau ta huce sai tururin da ta ɗauko ya zama gajimare ya zubo.

In ka tsaya bakin taga ranar da zai wuce za ka gani da idonka. Da farko iska ta kudu maso yamma tana ta kaɗa bola a layi, sama ta yi duhu ta yamma, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, wani lokacin har da ƙanƙara da tsawa, mafi tsananinsa kuma bai cika daɗewa ba, minti ashirin ko rabin awa. Daga nan sai iska ta juya ta koma arewa maso yamma, gari ya washe, ka hango nesa fes kamar an wanke, amma kana buɗe ƙofa ka ji iskar ta canza gaba ɗaya, tana cizon kunne. Zafi na iya sauka da digiri biyar zuwa goma tsakanin jiya da yau. Daren da ya biyo baya in sama ta buɗe ba gajimare, shi ne ake wayar gari raɓa ta daskare a gilashin mota.

Gaskiya ne wai zafin shi yake ƙara wa ruwan ƙarfi?

Gaskiya ne. Duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin ɗari, ga shi kuma teku ba ta saurin hucewa, a ƙarshen Agusta zuwa Satumba ma take kaiwa ƙololuwar ɗuminta, to iskar da ta ratso ta a Oktoba a cike take zuwa.

Ka dubi 2023 ɗin nan dai. Ƙarshen makon da mutanen Landan suke shan rana, a Sikotlan ruwa ake shatatawa ba ƙaƙƙautawa saboda iyakar iskokin biyu ta tsaya cak a kansu, ƙasa ta zaftare ta toshe hanyoyi a yankin Argyll har da babbar hanyar A83, sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashe mutum goma da suka maƙale. Mako guda bayan haka sanyi ya sauko har ƙasa da sifili a wurare da dama. Ba a gama wannan ba sai ga guguwar Babet daga 18 zuwa 21 ga wata, ta samu ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa, kogin South Esk ya cika ya shiga garin Brechin na Sikotlan aka kwashe mutane daga ɗaruruwan gidaje, aƙalla mutum bakwai suka rasu a faɗin ƙasar. Duk wannan cikin mako biyu fa.

Kenan irin hadarin gida ne, da ake yin zafi mai tsanani kafin ruwa ya sauko?

Akwai kama amma ba ɗaya ba ne. A gida hadari daga gabas yake tasowa, zafin ƙasa ne yake ɗaga iska mai laima sama, a yi iska da ƙura a zuba ruwa, gari ya yi sanyi daren nan, jibi kuma zafi ya dawo abinsa. Nan ta yamma yake zuwa, kuma in ya wuce iskar ce gaba ɗaya aka canza maka, ɗumin ba lallai ya dawo ba sai wata shekara. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne zafin nan na kaka da ake yi a Kano da Katsina da Damagaram a Oktoba, ruwa ya ɗauke ana girbi ana zufa, sannan hunturu ya shigo ta arewa maso gabas a Nuwamba. Bambancin shi ne hunturu a bushe yake zuwa da hazo da faso, na nan kuwa da ruwa yake zuwa, sanyi mai jiƙa ne, wanda ya saba da na hunturu kada ya ɗauka ya san wannan.

Na wayi gari na ga jar ƙura a kan motata, mene ne?

Ƙurar Sahara ce wallahi, iskar kudun nan take ɗauko ta can sama, ɗan yayyafi ya sauko da ita. An gani a Satumba 2023. Wanda aka fi tunawa shi ne na 16 ga Oktoba 2017, ranar da ragowar guguwar Ophelia ta afka wa Ailan ta kashe mutum uku, a Ingila kuwa gari ya yi ɗumi, sama ta koma ruwan ɗorawa, rana ta yi ja da tsakar rana saboda ƙurar hamada da hayaƙin gobarar dajin Fotugal da Sifaniya, Turawa suka yi ta ɗaukar hoto suna al'ajabi, mu kuwa mun san wannan ranar tun muna yara. Kada dai ka goge motar a bushe, zuba ruwa tukuna, in ba haka ba za ka karce fenti.

Kwana nawa ɗumin yake yi?

Kwana biyu zuwa biyar galibi. In iska mai nauyin nan ta kafe a kan Turai yana iya kai mako.

Wannan shi ne canjin yanayin da ake ta faɗa?

Ɗumin kaka ya daɗe ana yin sa, ba yau aka fara ba, kuma ba a ɗaukar mako ɗaya a yanke hukunci da shi. Amma in ka jera shekarun za ka ga inda aka dosa. Satumban 2023 ya yi kunnen doki da na 2006 a matsayin Satumba mafi zafi a tarihin awon ƙasar, a watan ne aka yi kwana bakwai a jere ana wuce digiri 30 a wani wuri a Birtaniya, abin da ba a taɓa gani a Satumba ba, shekara ɗaya kafin nan kuma, 19 ga Yuli 2022, aka auna 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila. A ganina musu a kan wannan ɓata lokaci ne, in duniya ta ƙara ɗumi to iskar kudun da ta saba zuwa za ta zo da ƙarin zafi da ƙarin ruwa, lissafin ke nan. Ambaliyar Valencia a Sifaniya ta ƙarshen Oktoba 2024, wadda ta ci sama da mutum 200, ita tsarin iskarta daban ne da wanda nake bayani, amma can ma iska mai sanyi ce ta samu tekun Bahar Rum da ɗumi.

Yaya, waɗannan launukan gargaɗi da suke fitowa a waya me suke nufi?

Uku ne. Ruwan ɗorawa: ka sa ido, tafiya na iya samun tangarɗa, yawancin mutane za su yi harkokinsu. Ruwan goro: ka sake shawara a kan tafiyar da ba dole ba, ana iya rufe hanya, a soke jirgin ƙasa, a ɗauke wuta. Ja: akwai haɗari ga rai, ka zauna inda kake ka bi abin da hukuma ta ce, ba a cika fitar da shi ba, a lokacin Babet an sa wa yankin Angus na Sikotlan. Sunayen da ake raɗa wa guguwa kuwa tun 2015 aka fara, Met Office da takwararta ta Ailan, daga baya ta Holan ta shigo, don dai mutane su riƙe su kula.

Ka sauke manhajar Met Office ka sa lambar unguwarku. Ka shiga shafin gwamnati ka duba ko gidanku yana wurin da ruwa ke ci, rajistar saƙon gargaɗin ambaliya kyauta ne. In an ɗauke wuta 105 ake kira, in rai na cikin haɗari 999, rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba 111.

To me ya kamata in yi a cikin kwanakin ɗumin nan?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min. Ka ji daɗin ranar mana, ka fitar da yara, Hajiya ta shanya barguna da labule a waje tunda wata huɗu ko biyar za a yi ba a samu irinta ba. Amma a kwanakin nan ne za ka kunna hitar gidan ka gwada, ko da minti ashirin, ka bi ɗaki ɗaki kana taɓa ƙarfen bango ka ji ko yana ɗaukar zafi. In ƙasansa ya yi zafi samansa da sanyi, iska ce ta taru a ciki, akwai ɗan makulli da ake sayarwa da araha a sassauta a fitar da ita. In boilar ce, wato na'urar da ke dafa ruwan hitar, ta ƙi tashi ka rubuta wa mai gidan yau ɗin nan, a rubuce ba da baki ba, domin ranar da sanyi ya sauka kowa zai tuna da tasa, mai gyara ya yi wuyar samu, ka kwana uku da yara cikin jaket. Haƙƙinka ne kuma a duba gas ɗin gidan haya duk shekara a ba ka takardar.

Sai magudanar ƙofar gida. Ganyen bishiya a wannan lokacin yake zuba, ya jiƙe ya manne a kan ramin kwata kamar an liƙa, ruwan awa ɗaya ya isa ya taru ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Sa safar hannu ka kwashe, aikin minti biyar ne. Masu zama a ɗakin ƙasa su ɗaga fasfo da takardu da buhun shinkafa daga dandaɓe. Kuma ka sani inshorar mai gida ginin ta rufe, kayanka ba sa ciki sai in ka yi taka.

Wace irin riga zan saya? Na zo da suwaita biyu daga Kantin Kwari.

Suwaita tana da amfani amma a ciki. Abin da kake buƙata a sama jaket ce wadda ruwa ba ya ratsawa, mai hula, sannan takalmi rufaffe wanda ba ya shan ruwa, da safa mai kauri. Riguna uku marasa nauyi a jere sun fi ƙatuwa guda ɗaya, don kana shiga bas ko aji za ka so ka rage. Shagunan sadaka na unguwa ana samun masu kyau da sauƙi, ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasar ma can suke saya. Lema kuwa ni ban ba ta muhimmanci ba, ranar da goshin sanyi zai wuce ka duba kwandon shara na tashar bas ka ga yadda suke a karye. Masu kaftani da babbar riga ranar Juma'a, a sa dogon wando mai kama jiki daga ciki, shadda ba ta tare komai.

Kuɗin gas ya yi yawa, in na kunna gawayi a kasko a falo fa kamar yadda muke yi da hunturu?

A'a, don Allah kada ka kuskura. Ɗakin gida yana da kafofin da iska ke shiga, na nan a toshe yake ruf, hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai mutum zai ji ya tafi ke nan, har a gida ma ai ana rasa iyalai ta haka da janareta. Haka kunna murhun gas a bar shi don ɗumama kicin. Turaren wuta ma Hajiya a yi shi da na lantarki, a buɗe taga, kuma kada a cire batirin na'urar hayaƙi don tana damu da ƙara. Shawarar hukumomin lafiya ita ce ɗakin da ake zama ya kai digiri 18, musamman in akwai tsoho ko mara lafiya.

Tagogina suna ta zufa da safe, bango ya fara baƙi a lungu.

Wannan yana biyo bayan saukar sanyin ne kai tsaye, tururin girki da wanka da numfashi ya samu gilashi da bango sun yi sanyi sai ya koma ruwa, daga nan funfuna ta kama. Mu kuma masu tuƙa tuwo da dafa wake awa biyu ga shanyar wanki a ɗaki, namu ya fi yawa. A rufe tukunya, a kunna fankar kicin da ta banɗaki, a goge taga da safe, a buɗe ta minti goma ko da sanyi, a ja kujera da katifa daga jikin bango kaɗan. In ta ƙi tafiya a ɗauki hoto a kai ƙara wajen mai gida, in ya yi biris a je ƙaramar hukuma. Ba ƙaramin abu ba ne, a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila saboda funfunar gidansu, har aka yi doka a kan haka.

Ina tuƙin kai kaya, ruwa ya tare hanya, in ratsa?

Juya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga mota, 15 kuma yana iya kayar da babban mutum, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa nan ne ya fi yaudara don ba ka ganin zurfinsa. In injin ya sha ruwa ya tafi, kuɗin aikin ranar ba zai saya maka wani ba. A jiƙaƙƙen titi tazarar tsayawa ninki biyu ce, zanen taya a doka kada ya gaza milimita 1.6, ka duba roban goge gilashi tun yanzu. Washegari kuma ka fito da wuri da abin kankare gilashi, kada ka zuba tafasasshen ruwa, tsagewa zai yi.

Canjin nan shi yake sa wa yara mura?

Ƙwayar cuta ce take kawo mura, amma lokacin ne ake rufe tagogi a cunkushe a aji, ga masu asma iska mai sanyi tana tayar musu, a tabbata abin shaƙarsu yana jakar makaranta. Ana yi wa yara 'yan makaranta da masu ciki da waɗanda suka kai 65 rigakafin mura kyauta a kaka. Sannan bitamin D, tunda rana ta tafi, NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, na ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum a kaka da lokacin sanyi, mu masu baƙar fata ma cewa suka yi mu duba yiwuwar sha duk shekara.

Malam, batun sallah fa in ruwa ya tsananta?

A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai ana haɗa magariba da isha'i a masallaci daren ruwa mai ƙarfi, amma masallatai da yawa a nan na Hanafiyya ne, su ba sa haɗawa, don haka kada ka yi mamaki ko ka tada gardama, ka bi limamin da ka samu, abin da ya shige maka duhu ka tambayi malaminka. Abin da zai fi ruɗa ka ma agogo ne. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da shi baya da awa ɗaya, magaribar da kake yi wajen shida saura kwata a Landan sai ta koma biyar saura kwata, zuwa Disamba kafin ƙarfe huɗu an kira, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki za su same ka, gara ka yi magana da shugabanka tun yanzu a kan inda za ka riƙa yi. Waya tana canza kanta, agogon bango da na mota sai ka gyara da hannu. Daga ranar kuma Najeriya da Nijar sun wuce mu da awa ɗaya har ƙarshen Maris, in ka saba kiran Inna ƙarfe tara na dare to ka dawo da shi takwas.